Ra'ayi: Gida ma kamar waya ne, mai amfani da shi ke cinye batirin

Duk wanda ya taɓa sayen waya saboda ya ga an rubuta 5,000mAh a jikin kwalinta ya san cewa wannan lambar ba ita ce ƙarshen magana ba. Abokai biyu za su shiga shago ɗaya su sayi waya iri ɗaya a rana ɗaya, amma ɗaya ya kai dare da cajinsa, ɗayan kuma tun kafin la'asar yana neman soket. Bambancin yana wajen hasken sikirin da kowa ya saita, da manhajojin da ke aiki a ɓoye, da yawan awannin da ake yi a TikTok. Kamfanonin waya sun daɗe da gane haka, shi ya sa suke kashe maƙudan kuɗi wajen nazarin yadda mutane ke riƙe waya da inda yatsa ke fara taɓawa.

Gida ma haka yake. Ana iya zana shi a kwamfuta, manhaja ta yi lissafi ta ce zai rage shan wuta da kashi kaza, a buga hoton mai ɗaukar ido a Instagram. Amma ranar da aka miƙa makulli, lissafin ya koma hannun wasu mutane daban: mai fenti, mai silin, mai tayil, mai ɗinkin labule, sai kuma iyalin da za su zauna a ciki shekara da shekaru. Waɗannan su ne za su yanke hukuncin yunit nawa mita za ta ci a wata.

Saboda haka akwai buƙatar makarantun da ke horar da masu zanen gine-gine su ɗauki abubuwa biyu da muhimmancin da suke ba fasalin gini na waje: aikin ƙarashen ciki, wanda magina ke kira finishin, da kuma halayyar mutanen da za su zauna a gidan. Ɗalibin da ya fita bai san waɗannan ba zai iya zana gida mai tsimin wuta a takarda, mai gida kuma ya riƙa biyan kuɗin kuskurensa duk ƙarshen wata.

Me ya sa maganar ta zama ta gaggawa

A watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin Band A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Kafin nan, a ƙarshen watan Mayun 2023, an cire tallafin man fetur, kuɗin tayar da janareta ya ninka. Wanda ya koma sola ma bai tsira ba, domin duk wat ɗin da gida ke ja sai an saya masa farantin sola da batir da inbata mai ɗaukarsa.

Lissafi mai sauƙi zai nuna girman abin. Na'urar sanyaya ɗaki da ke jan kilowat 1.1, idan ta yi awa 8 tana aiki ba hutu kowace rana, za ta ci yunit 264 a wata. A farashin naira 225 na Afrilun 2024, wannan naira 59,400 ke nan a ɗaki ɗaya. Fankar sama mai jan wat 70 a awannin nan za ta ci ƙasa da yunit 17, wato kusan naira 3,800. Tsakanin waɗannan lambobi biyu ne aikin mai zane yake. Ɗakin da aka gina kuma aka ƙarasa shi da kyau zai iya wadatuwa da fanka a mafi yawan watannin shekara. Wanda aka yi wa aikin ganin ido kuwa, ba ya zaunuwa sai da AC.

Najeriya tana da ƙa'ida a kan wannan. A 2017 Ma'aikatar Wuta, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta ƙaddamar da kundin ƙa'idojin tsimin makamashi a gine-gine, wanda aka shirya da tallafin hukumar GIZ ta Jamus. Kundin ya taɓo girman tagogi idan aka kwatanta da bango, da inuwar da za a yi musu, da abin tare zafi a ƙarƙashin rufi, da yawan wutar da fitilu za su ja, da ingancin na'urar sanyaya ɗaki. Duk wanda ya duba jerin nan zai lura da wani abu: kusan dukkansu a matakin finishin ake yanke su, lokacin da mai zane ya riga ya karɓi kuɗinsa ya tafi, mai gida kuma yana kasuwa yana neman mafi araha.

Darasi daga Meziko

Akwai hujja mai ƙarfi da ke nuna cewa lissafin kwamfuta shi kaɗai ba ya isa, kuma ta fito ne daga ƙasa mai zafi. A arewa maso gabashin Meziko an gina wasu sababbin gidaje, aka sa wa wani kaso daga cikinsu abin tare zafi a rufi da bango tare da wasu gyare-gyaren tsimin wuta, aka bar sauran yadda aka saba ginawa. Lissafin injiniyoyi ya nuna gidajen da aka gyara za su iya rage shan wuta har da kashi 26 cikin 100. Lucas Davis na Jami'ar California da ke Berkeley da abokan aikinsa suka saka ƙananan na'urorin auna zafi da danshi a cikin gidajen, suka kuma bi bayanan mitocinsu. Sakamakon da suka wallafa a 2020 ya nuna babu wani bambanci da za a iya gani, ko a kuɗin wuta ko a zafin ɗaki.

Dalilan su ne abin lura. Masu AC a gidajen ba su kai yawan da aka yi zato ba, don haka babu wutar da za a rage tun farko. Na biyu kuma, yawancin mazauna suna barin tagoginsu a buɗe a ranakun zafi, iskar waje tana shiga yadda ta ga dama, amfanin abin tare zafin ya tafi a banza. Ba laifin mazauna ba ne. Mutumin da ba shi da AC dole ya buɗe taga. Laifin na lissafin ne da ya ƙirƙiro wani mazauni da babu shi a unguwar.

Irin haka ta faru da wani shirin gwamnatin Meziko tsakanin 2009 da 2012, inda aka taimaka wa gidaje kusan miliyan 1.9 suka musanya tsofaffin firji da AC da sababbi masu tsimin wuta. Binciken da aka yi bayan haka ya gano cewa sabon firji ya rage shan wuta da kashi 8 cikin 100 kawai, kusan rubu'in abin da aka yi hasashe. Gidajen da suka sauya AC kuwa, shan wutarsu ƙaruwa ya yi, domin da mutum ya ga sabuwar na'ura ba ta cin kuɗi sosai kuma ba ta da ƙara, sai ya bar ta tana aiki tsawon lokaci.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun a shekarun 1970 masu bincike daga Jami'ar Princeton suka auna gidaje iri ɗaya sak a rukunin Twin Rivers da ke jihar New Jersey a Amurka, suka ga wani gidan yana cin ninki biyu na makamashin da maƙwabcinsa ke ci wajen ɗumama ɗaki. A 2011 Kathryn Janda ta Jami'ar Oxford ta wallafa wata maƙala da ta yi fice, inda ta yi jayayya cewa mutane ne ke amfani da makamashi ba gine-gine ba, kuma ya kamata masu zane su ɗauki ilimantar da mazauna a matsayin wani ɓangare na sana'arsu.

Finishin ya wuce kwalliya

A idon mutane da yawa finishin shi ne matakin da ake zaɓen launi da salo. A zahiri, nan ne ake saita gida kamar yadda ake saita sabuwar waya.

A fara da silin. A gida mai hawa ɗaya, babbar ƙofar da zafi ke bi ya shigo ita ce rufi. Kwano mai duhu da ake yayi yanzu yana shan zafin rana fiye da mai haske, iskar da ke tsakaninsa da silin ta zama kamar ta tanda. Idan abin da ya raba wannan tandar da ɗakin kwana siririn silin ne na PVC ko POP ba tare da an shimfiɗa abin tare zafi a kansa ba, zafin zai riƙa sauka a kan mutane har tsakar dare. Sai kuma yayin huda silin a jera ƙananan fitilu ashirin ko talatin. Kowace huda hanya ce ta iska mai zafi, kuma sau da yawa makunni ɗaya ne ke kunna su gaba ɗaya. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60, amma idan aka jera fitilu 24 masu wat 5 a kan makunni ɗaya, an koma wat 120 domin haska mutum ɗaya da ke danna waya a kan kujera.

Launin fenti ma lissafi ne. Farin bango yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa, mai duhu kuma yana shanye mafi yawansa. Falon da aka yi wa fenti ruwan toka mai duhu, aka sa masa baƙin gilashi da labule mai kauri hawa biyu, sai an kunna masa fitila da ƙarfe goma sha biyun rana. A waje kuwa, birnin Ahmedabad na Indiya ya nuna amfanin shafa wa rufi farin fenti, inda ya mayar da shi wani ɓangare na shirinsa na yaƙi da tsananin zafi saboda yana rage zafin cikin ɗaki da 'yan digirori a kuɗi kaɗan.

Taga ita ce inda aka fi yin asara ba a sani ba. Tagar alminiyom mai zamewa gefe, komai girmanta, rabinta kawai ke buɗewa. Mai buɗewa waje kamar ƙofa tana ba da dukkan faɗinta, tana kuma iya kamo iskar da ke wucewa ta gefen bango. Idan mai zane ya yi lissafin iska da cikakkiyar taga, mai gida kuma ya sayo mai zamewa saboda ita ce a kasuwa, rabin iskar ya tafi. A ƙara ragar sauro da ƙarfen tsaro, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Labule kuma ba ya maye gurbin inuwa ta waje: kafin hasken rana ya isa labule, ya riga ya ratsa gilashi, zafin yana cikin ɗaki. Rumfa ko baranda ko bishiya a gaban tagar yamma sun fi labule mafi tsada aiki.

Daɓe da bango suna da nasu aikin. Siminti da tayil da bangon ƙasa mai kauri suna shan zafi a hankali da rana su sake shi da dare. Wannan ita ce hikimar soron gargajiya na tubali da azara. Idan aka rufe daɓe da kafet bango zuwa bango, aka lulluɓe bango da allunan roba, an raba ɗakin da wannan ma'ajiyar sanyi. Haka nan shafa wa bangon ƙasa filastar siminti yana iya riƙe danshi a ciki har bangon ya fara lalacewa, abin da maginan gargajiya masu amfani da makuba suka san yadda ake kauce masa.

Akwai masu zane a yankin nan da suka nuna ana iya haɗa waɗannan darussa da ginin zamani. Makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso, wadda Francis Kéré ya kammala a 2001, tana da rufin kwano da aka ɗaga sama da silin na bulon ƙasa domin iska ta riƙa wucewa tsakani tana kwashe zafi. Kéré ya ci kyautar Pritzker a 2022, ɗan Afirka na farko da ya same ta. A Yamai kuma akwai rukunin gidaje shida na Niamey 2000, wanda Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta suka zana aka kammala a 2016 da bulon ƙasa da aka matse, tare da kula da inuwa da zagayawar iska da sirrin iyali. A duka biyun, kayan da ido ke gani a ciki su ne kayan da ke aikin sanyaya ɗakin.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Littattafan da ake koyarwa da su suna cewa a buɗe tagogi da dare domin sanyi ya shiga ya wanke zafin da bango ya tara. Shawara ce mai kyau a kimiyyance. Amma ɗalibin da zai yi aiki a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yana buƙatar sanin abin da ke hana mutane yin hakan. Da damina akwai sauro. Da hunturu akwai ƙura. A unguwanni da dama akwai tsoron ɓarawo. Akwai kuma batun sutura: tagar da ke kallon titi ko gidan maƙwabci za ta zauna a rufe da labule shekara guda, komai kyawun lissafin da aka yi mata. A ƙara da ƙarar janaretan maƙwabta da hayaƙinsa.

Mai zanen da ya san haka zai nemi mafita tun a takarda. Zai sa ƙananan tagogi a can sama kusa da silin, waɗanda za a iya bari a buɗe dare da rana ba tare da wani ya leƙo ko ya shigo ba. Zai juya manyan tagogi su kalli tsakar gida. Zai tuna cewa da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, iyalai da yawa a waje suke kwana, don haka tsakar gida ko baranda mai raga da wurin rataya gidan sauro da soket na fanka sun fi wani falo na uku amfani.

Sai batun rimot. Mutane da yawa suna shiga ɗaki su danna AC zuwa 16 da tunanin zai fi saurin sanyi. A na'urar da ba ta inbata ba, iskar da ke fitowa ba ta ƙara sanyi saboda an rage lambar, abin da ke faruwa kawai shi ne injin ba zai huta ba. Hukumar tsimin makamashi ta Indiya ta ƙiyasta cewa duk digiri ɗaya da aka ƙara yana rage kusan kashi 6 cikin 100 na wutar da na'urar ke ci, kuma daga farkon 2020 ta wajabta wa kamfanoni su riƙa fitar da sababbin AC a saite a kan 24. Fanka da AC tare a kan 25 ko 26 suna ba da daɗin da AC shi kaɗai ke bayarwa a ƙasa da haka. Amma wannan sai idan an bar wurin rataya fanka a silin, abin da wasu masu POP ke cirewa saboda wai yana ɓata ado.

Duniyar fasaha ta riga ta sha wannan darasin. A Amurka an daɗe ana tallar na'urorin saita zafin gida masu tsara lokaci a matsayin hanyar rage kuɗin wuta. A ƙarshen 2009 shirin Energy Star ya daina ba su tambarinsa, saboda ba a ga tabbacin ragin ba: mutane da yawa sun kasa saita su, suka bar su a yanayi ɗaya. A 2011 Tony Fadell, wanda ya yi aiki a kan iPod a Apple, ya fito da Nest, na'urar da ake juyawa da hannu kuma take koyon halin mai gida. A 2014 Google ta sayi kamfanin a kan dala biliyan 3.2. Abin da aka saya da wannan kuɗi shi ne fahimtar cewa na'urar da mutum ya kasa sarrafawa ba ta tsimin komai.

Kayan aunawa sun shigo aljihu

A da, auna yadda gini ke aiki sai babban ɗakin gwaji. Yanzu ba haka ba ne. Kusan kowace waya tana da na'urar jin haske da ke daidaita hasken sikirin, kuma akwai manhajoji kyauta da ke amfani da ita su nuna ƙarfin hasken ɗaki. Ba su kai na ƙwararru daidaito ba, amma sun isa a kwatanta falo mai farin fenti da mai duhu. Ma'aunin zafi mai kama da bindiga, irin wanda aka saba gani lokacin korona, yana da nau'in da ke auna zafin bango da silin daga nesa. Wayar Pixel 8 Pro ta Google ta zo da irin wannan ma'aunin a bayanta a 2023. Kyamarar FLIR One da ake maƙalawa a waya tana nuna hoton zafi, a ga daidai inda yake tsiyayowa ta silin.

Soket mai wayo irin Tapo P110 na TP-Link yana nuna yunit nawa firji ko talabijin ya ci a rana. Ɗalibin da ya ɗan iya haɗa kayan lantarki zai iya ɗaukar allon ESP32 da ƙaramin ma'aunin DHT22 ya ƙera na'urar da za ta riƙa rubuta zafi da danshi duk bayan minti goma tana turawa waya. Mita mai kati kuwa tana nan a bango tana ba da bayani kyauta ga duk wanda zai riƙa rubuta lambarta safe da yamma. A ɓangaren lissafi, manhajar EnergyPlus ta Ma'aikatar Makamashin Amurka kyauta ce, haka ma manhajar EDGE ta hukumar IFC.

Da waɗannan kaɗai za a iya gina darasi na zango guda. Kowane rukunin ɗalibai ya nemi izinin wani gida, ya zana shi, ya yi hasashen abin da zai ci, sannan ya auna na tsawon makonni, ya zauna da mutanen gidan ya ji yaushe suke buɗe taga, a ina suke kwana, me ya sa aka toshe waccan kafar iskar da kwali. A nan ɗalibai mata suna da damar da maza ba su da ita, domin su ne za su iya shiga cikin gida su ji daga bakin matan da suka fi kowa daɗewa a ɗakunan kuma suka fi kowa sanin wanne ne ba ya shiguwa da azahar. Gani ya kori ji: ɗalibin da ya ga tazarar da ke tsakanin hasashensa da lambar mita ba zai sake zana taga da wasa ba.

Abin da masu ja da wannan ra'ayi ke cewa

Hujja ta farko ita ce manhajar karatu ta riga ta cika, kuma ana koyar da yanayi da kayan gini da harkar wuta da ruwa. Gaskiya ne ana koyarwa. Matsalar ita ce ana koyar da su a matsayin darussan jarrabawa, alhali zuciyar karatun tana ɗakin zane, inda ake ba da maki a kan fasali da kyan hoton Revit ko Lumion. Abin da ba a tambaya a ranar kare aiki, ɗalibi ba ya ɗaukarsa da nauyi. Kuma akwai gurbi: sabon tsarin manhajar jami'o'i da hukumar NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Sashen zanen gini na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, mafi daɗewa a ƙasar, da takwarorinsa na Kano da Minna da Bauchi suna da hurumin cike wannan gurbi da abin da ya dace da yanayinsu.

Hujja ta biyu ita ce finishin aikin masu adon ciki ne. A manyan ayyuka haka ne. A gidan malamin makaranta ko ɗan kasuwa kuwa, babu wani mai adon ciki. Mai POP ne da hotunan da ya tara a wayarsa. Idan takardar mai zane ba ta faɗi irin silin da taga da launin da za a sa ba, da dalilin sa su cikin harshen da mai gida zai gane, to kasuwa ce za ta zaɓa.

Hujja ta uku ta fi nauyi: mafi yawan gidaje ana gina su ne ba tare da ƙwararren mai zane ba, a hankali, shekara biyar ko goma, gwargwadon abin da ya shigo aljihu. Wannan gaskiya ce da ba a musu. Sai dai salon da ake kwaikwaya a unguwanni daga gidajen manya da rukunin gidajen gwamnati da na 'yan kasuwa yake gangarowa, kuma waɗannan ƙwararru ne ke zana su. Baƙin gilashi da dogon rufi mai duhu ta wannan hanyar suka bazu. Inuwa da farin rufi da tagar sama ma za su iya bin hanyar.

Abin da ya rage a yi

A Birtaniya, cibiyar masu zanen gine-gine ta RIBA ta sa matakin amfani da gini a cikin jadawalin aikin mai zane tun 2013, ma'ana aiki bai ƙare a ranar miƙa makulli ba. Hukumar rajistar masu zanen gine-gine ta Najeriya, ARCON, da ƙungiyarsu ta NIA suna iya neman irin wannan daga makarantun da suke tantancewa: kowane ɗalibi ya auna aƙalla gida ɗaya da ake zaune a ciki kafin ya kammala, kowane aikin zane ya zo da jerin kayan finishin da farashinsu a kasuwar garin, kuma watannin koyon aiki na SIWES su haɗa da zama da masu fenti da masu silin da masu haɗa taga, ba zaman ofis kaɗai ba.

Akwai kuma ƙaramin abu da ba ya buƙatar izinin kowace hukuma. Wayar naira dubu hamsin tana zuwa da takardar bayani, amma gidan miliyoyi ba ya zuwa da ko shafi ɗaya. Ɗalibi zai iya koyon haɗa bidiyon minti biyu da Hausa, a tura wa mai gida ta WhatsApp ko a manna lambar QR kusa da mita: wace taga ake buɗewa da dare, wacce ake rufewa da hantsi, a kan nawa za a bar AC, yaushe ake wanke matatarsa, me ya sa bai kamata a toshe kafar iskar da ke sama ba.

Matasan da ke karanta wannan shafi, mafi yawansu haya za su fara kamawa kafin su gina nasu. Kamar yadda ba sa sayen waya sai sun tambayi batir, haka ya kamata su tambayi ɗaki: ina tagar ke kallo, me ke saman silin, yunit nawa wanda ya tashi yake saye a wata. Su je duba ɗakin da ƙarfe uku na rana maimakon bayan magariba, su ɗora tafin hannu a bangon yamma. Ranar da masu haya suka fara yin waɗannan tambayoyi, masu gidaje za su fara yi wa masu zane, makarantu kuma dole su tanadi amsa.